Feshin lantarki ko emolshan ko injin busarwa: wace hanya za ka bi wajen haɗa ƙananan ƙwayoyin magani?

Wannan rubutu na ɗaliban famasi ne da masu bincike da suka kai matakin da sufabaiza zai ce "je ka kawo min hanyar da za ka haɗa ƙwayoyin", sai mutum ya buɗe intanet ya ga hotunan ƙwayoyin feshin lantarki dunƙule-dunƙule kai ɗaya, ransa ya biya, amma kuma a lab ɗinsu homojenaiza, wato injin kaɗawa, kawai ake da shi. Abin da ake so dai a duk hanyoyin ɗaya ne, a ɗauki magani a kulle shi cikin folima, wato wani abu mai kama da roba da ke narkewa a jiki, irin su PLGA ko PCL ko kaitosan, a mayar da shi ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani, ta yadda in sun shiga jiki za su riƙa sakin maganin a hankali, ko su kai shi inda ake so kamar can cikin huhu. Hanyoyin da zan gwama guda biyar ne: feshin lantarki, emolshan, ɗigawa cikin ruwa, busarwa da iska mai zafi, sai haɗawa ta siraran bututu wato maikurofuluwidik.

Ma'aunan da za ka riƙe a hannu

Kafin ka kalli kowane inji ka amsa tambayoyin nan. Girman da kake so nawa ne? Wanda zai yi garin shaƙa zuwa huhu yana neman maikuron 1 zuwa 5 (maikuron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), wanda zai yi allurar jijiya yana neman ƙasa da nanomita 200 ko kusa da haka (nanomita dubu ne ke yin maikuron ɗaya), wanda kuma zai yi allurar tsoka mai daɗewa wata guda ƙwayoyinsa za su iya kai maikuron gommai ba matsala. Na biyu, maganinka ruwa yake so ko mai? Wannan tambayar ita kaɗai tana iya kore hanya biyu daga cikin biyar. Na uku yana jure zafi? Furotin da su insulin ba sa son wasa da zafi ko girgiza mai ƙarfi. Na huɗu, wanda mutane suka fi mantawa da shi, gram nawa kake buƙata? Miligiram 50 na gwajin ƙwayoyin halitta a faranti daban, gram 10 na gwajin ɓeraye da gwajin ajiya daban. Sannan sai kuɗi, da ƙarkon kayan aikin da na ƙwayoyin kansu, da sauƙin koyo, da haɗari.

Feshin lantarki

Yadda yake aiki abin sha'awa ne wallahi. Za ka narkar da folima da magani a sinadari mai saurin tashi, ka zuba a sirinji, famfon sirinji ya riƙa turowa a hankali ta allurar ƙarfe, sai ka jona allurar da wuta mai ƙarfi, yawanci tsakanin kilobolt 5 zuwa 30, a ƙasa kuma ka shimfiɗa takardar alminiyom da aka haɗa da wayar ƙasa. Cajin da ya taru a ɗigon da ke bakin allura sai ya ja shi ya yi tsini, wannan tsinin shi ake kira tsinin Taylor saboda Geoffrey Taylor ne ya yi bayanin lissafinsa a 1964, daga bakin tsinin sai wani siririn zare ya fito ya tsittsinke ya zama ɗigo-ɗigo, kuma da yake duk cajinsu iri ɗaya ne sai su riƙa ture juna ba sa mannewa, sinadarin ya bushe a iska kafin su sauka, abin da zai faɗo kan alminiyom busassun ƙwayoyi ne. Ilimin ba sabo ba ne, tun 1882 Lord Rayleigh ya lissafa iya cajin da ɗigo zai ɗauka kafin ya fashe, John Zeleny ya ɗauki hoton abin a shekarun 1910, kuma da wannan feshin ne John Fenn ya samu kyautar Nobel a 2002, duk da shi wajen auna nauyin manyan ƙwayoyin furotin ya yi amfani da shi ba haɗa magani ba.

Abin da ya sa nake ganin girman hanyar nan: mataki ɗaya ne, babu wanki, babu zafi, ba sai ka zuba PVA ko wani sinadarin hana mannewa ba. Kuma tunda babu wani ruwan waje da maganin zai gudu ya shiga, kusan duk abin da ka zuba yana cikin ƙwayar, shi ya sa za ka ga ana kawo rahoton kulle kashi 90 cikin 100 ko sama. Girman ƙwayoyin in ka daidaita yana zuwa kusan kai ɗaya, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne don ƙwayoyi masu girma ɗaya suna sakin magani da tsari ɗaya. Akwai ma salon allura biyu, ɗaya cikin ɗaya, wanda Loscertales da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Science a 2002, magani a ciki folima a waje kamar ɓawo, da shi za ka iya ɓoye furotin a ruwa a tsakiya ba tare da ya cakuɗu sosai da sinadarin narkarwa ba.

Kuɗi fa? A nan ma yana da daɗi, don ba dole sai ka sayi haɗaɗɗen inji ba. Famfon sirinji, akwatin wuta mai ƙarfi, allura mai yankakken baki, alminiyom, akwatin roba mai gani-gani, shi kenan. In kuna da sashen fizis ko injiniyan lantarki a makaranta ka je ka gaishe su, sau da yawa akwatin wutar yana can. Kayan ba su da abin da ke juyawa da gudu, don haka ba sa saurin lalacewa, abin da zai kashe su shi ne wutar da ke hawa da sauka, sai ka nemi sitabilaiza ko inbata.

Toh ga inda gizo ke saƙar. Gudun da ake turo ruwan kaɗan ne ƙwarai, galibi ƙasa da mililita 1 zuwa 'yan mililita a awa. Yi lissafi da kanka: folima kashi 5 cikin 100, mililita 1 a awa, kenan miligiram 50 a awa ɗaya, gram ɗaya tak zai ci maka awa 20, in ma ba a yi asarar komai a jikin akwati ba kuma ba a ɗauke wuta ba. In ka ce bari ka ƙara gudu sai ƙwayoyin su ƙara girma ko tsinin ya watse ya koma ɗiga. Ana haɗa allurai da yawa don a ƙara yawa amma cajin kowace yana damun na maƙwabciyarta, daidaita su wani aiki ne mai zaman kansa.

Sannan yana da tsirfa. Folima ta yi yawa sai ka samu zare maimakon ƙwaya, ta yi kaɗan sai ƙwayoyin su lotse ko su farfashe. Tazarar allura da alminiyom ta yi kusa sai su sauka da danshi su manne. Ruwa zalla yana da wuyar fesawa saboda fuskarsa tana da ƙarfin riƙo, kafin ya yi tsini iskar da ke kewaye ta fara tartsatsi, shi ya sa masu kaitosan suke haɗawa da asid ɗin asitik ko itanol. Danshin iska ma yana shiga ciki, saitin da ya yi maka kyau a hunturu lokacin da iska ta bushe ƙayau zai iya ba ka ƙwayoyi masu huji-huji a watan Agusta, don haka ka sayi ɗan ma'aunin danshi ka riƙa rubutawa kullum, in ba haka ba ranar difens za a tambaye ka me ya sa baci na biyu ya bambanta da na farko ka rasa amsa.

Haɗari kuwa ba na wasa ba ne. Wutar da ke bi ta feshin kaɗan ce amma akwatin na iya riƙe caji bayan an kashe, kada ka taɓa allura sai ka sauke cajin ta wayar ƙasa. Asiton da itanol suna kamawa da wuta, ga kuma tartsatsi a kusa. DCM (daikuloromitin, sinadarin narkar da folima) da kulorofom kuma duk abin da ka fesa iska yake shiga, in babu akwatin zuƙe hayaƙi huhunka ne zai sha. Don Allah kar a yi wannan aikin a rufaffen ɗaki.

Emolshan

Wannan ita ce tsohuwar hanya kuma har gobe ita ce ta fi yawa a lab. Ka narkar da folima da magani a DCM, ka zuba cikin ruwa mai PVA, ka kaɗa da homojenaiza ko sonikato, wato injin girgizawa da sauti, kamar yadda ake kaɗa nono har sai ya farfashe ya zama ƙananan ɗigo, ka bar shi yana juyawa DCM ya tashi, ƙwayoyin su daskare, sai santirifuj, injin da ke juyawa da gudu ya ware ƙwayoyin daga ruwa, wanki sau biyu ko uku, sai busarwa da sanyi. In maganin mai son ruwa ne sai a yi ninki biyu, ruwa cikin mai cikin ruwa.

Ƙarfinta shi ne an gwada ta a jikin mutane an gani. Lupron Depot, allurar lufrolaid ta wata-wata da hukumar FDA ta Amurka ta amince da ita a 1989, da emolshan mai ninki biyu ake haɗa ta. Risperdal Consta na masu taɓin hankali da ake yi duk sati biyu, wanda ya fito a Amurka a 2003, shi ma ƙwayoyin PLGA ne na wannan dangin. Kenan in ka bi ta nan takardun da za ka dogara da su ba iyaka, kuma duk malamin da zai duba aikinka ya san ta. Za ka iya samun gram a yini guda.

Rauninta kuma a bayyane yake. Girman ƙwayoyin yana zuwa a warwatse, manya da ƙanana. Magani mai son ruwa yana sulalewa ya shiga ruwan waje, wani lokaci ka yi asarar rabi ko fiye, in kuwa maganin mai tsada ne wannan ciwo ne. Furotin yana lalacewa a inda ruwa da DCM suka haɗu da kuma wajen girgizar sonikato. PVA ba ya fita duka komai wankinka. Kuma kar kuɗin ya ruɗe ka, homojenaiza kaɗai ba ta isa ba, ƙwayoyin nano suna buƙatar santirifuj mai gudu sosai, injin busarwa da sanyi kuma yana son wuta ba yankewa na kwana ɗaya ko biyu, in aka ɗauke a tsakiya samfurin ya narke aiki ya dawo baya.

Wani abu da ya shafe mu kai tsaye: DCM yana tafasa ne a wajen digiri 40. A Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai a watan Afrilu ɗakin da ba AC zai iya kusantar haka, kana aunawa yana guduwa, ƙarfin haɗinka yana canjawa a hannunka. Wannan ya shafi feshin lantarki ma, don a can folimar na bushewa a bakin allura ta toshe ta.

Ɗigawa cikin ruwa

Fessi da abokan aikinsa suka fitar da ita a 1989, kuma ita ce mafi arha a duka. Folima da magani a asiton, ka riƙa ɗigawa cikin ruwa yana juyawa a kan sitara, nan take ruwan ya yi fari-fari mai shuɗi, ƙwayoyi sun haɗu, yawanci nanomita 100 zuwa 300. Ba girgiza, ba zafi, ba wuta mai ƙarfi, a rana ɗaya za ka koya. Asiton kuma ya fi DCM sauƙi a ka'ida, don a jagorar ICH, majalisar daidaita ƙa'idojin magunguna ta duniya, iyakar ragowar DCM a magani 600 ne cikin miliyan, kulorofom 60 kacal, asiton kuwa har 5000.

Amma ta masu ƙin ruwa ce kawai, irin su kurkumin na kurkur ko atimita na zazzaɓin cizon sauro. In ka kawo mai son ruwa zai bi ruwan ya tafi ya bar maka folima fanko. Kuma abin da za ka samu tsararo ne, ruwa da yawa ƙwaya kaɗan, sai ka sake neman hanyar tattarawa da busarwa.

Busarwa da iska mai zafi

Ita ce hanyar da ake yin madarar gari, an daɗe da ita tun ƙarni na 19. Ana fesa ruwan cikin iska mai zafi ya bushe nan take ya zama gari. Ƙananan injinan lab irin Büchi B-290 suna ba da ƙwayoyi na maikuron kaɗan zuwa wajen 25, kuma a awa ɗaya za ka samu abin da feshin lantarki zai yi kwanaki bai ba ka ba. In garin shaƙa kake so nan ne gidanka, insulin ɗin shaƙa na Exubera da ya fito a 2006 da kuma TOBI Podhaler da ya fito a Amurka a 2013 duk ta nan aka yi su. Exubera an janye shi a 2007 amma saboda kasuwa ta ƙi ne.

Mutane na tsoron zafin, gaskiya iskar shiga tana wuce digiri 100, sai dai ɗigon kansa ba ya kai haka saboda tururin da ke fita yana sanyaya shi, zafin fita shi ne abin lura. Matsalar PLGA ita ce tana fara laushi tun wajen digiri 45 zuwa 55, sai ta manne a jikin gilashi. Injin yana da tsada, maganar dubban daloli gommai ake, gilasansa in ɗaya ya fashe sai an yi oda daga waje, kuma in da asiton ko itanol za ka yi aiki dole sai da naitirojin a rufaffen zagaye don gudun fashewa. In samfurinka kaɗan ne ma kar ka fara, abin da zai maƙale a bango ya isa ya cinye shi.

Siraran bututu

A taƙaice zan yi wannan. Ana haɗa ruwa biyu da sauri a cikin hanya siririya, sakamakon ya zo kai ɗaya kuma ana iya maimaitawa. Ƙwayoyin kitse na maganin RNA mai suna Onpattro na 2018 da na rigakafin korona na mRNA, masu girman wajen nanomita 100 ko ƙasa, ta hanyar haɗawa da sauri irin wannan ake yin su. In aikinka RNA ne ko lifosom, wato ƙananan kumfar kitse da ake zuba magani a ciki, nan za ka nufa. Sai dai cif ɗin, wato ɗan farantin da bututun ke ciki, yana toshewa, ana sayensa da dala, kuma ƙura ba ta yi masa daɗi ko kaɗan.

| Hanya | Girma | Daidaiton girma | Yawan samu | Kuɗin farawa | Sauƙin koyo | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Feshin lantarki | nano zuwa maikuron gommai | mai kyau sosai | kaɗan ƙwarai | matsakaici, ana iya haɗawa | yana son haƙuri | wuta mai ƙarfi, tururi, gobara |
| Emolshan | nano zuwa maikuron gommai | a warwatse | gram | matsakaici | da sauƙi | ragowar DCM, asarar magani |
| Ɗigawa cikin ruwa | nanomita 100 zuwa 300 | mai kyau | kaɗan | mafi arha | mafi sauƙi | bai karɓar mai son ruwa |
| Iska mai zafi | maikuron 2 zuwa 25 | matsakaici | da yawa | mai tsada | matsakaici | zafi, fashewa |
| Siraran bututu | galibi nano | mai kyau sosai | kaɗan zuwa matsakaici | mai tsada | matsakaici | toshewa |

Maganar ƙarkon ƙwayoyin bayan an haɗa, a nan feshin lantarki da iska mai zafi suna gaba don busasshen abu suke ba ka kai tsaye. PLGA danshi ne ke cin ta, irin mai 50:50, wato wadda sinadaranta biyu suke rabi da rabi, cikin wata ɗaya zuwa biyu take narkewa a jiki, don haka in ka bar ta a ruwa a kan benci agogo ya fara bugawa tun kafin gwajinka. Ko busasshiyar ma firij take so da abin tsotse danshi, kar ka bar ta a mota ko a loka lokacin bazara. Kuma ko wace hanya ka zaɓa ka fara tambayar inda za ka auna. Ƙwayoyin nano da ke cikin ruwa da injin DLS mai auna girma da haske ake auna su, busassu na feshin lantarki kuwa sai SEM, wato madubin lantarki mai ɗaukar hoton ƙwayoyin, in babu inda za ka samu hoton SEM a kai a kai to kana aiki ne a duhu, ba za ka san ƙwaya ka yi ko zare ba. Ka saka kuɗin wannan a kasafinka tun farko, sau da yawa ya fi kuɗin haɗawar.

Wa ya dace da wace?

Ɗan digiri na biyu mai shekara guda da kuɗin aljihu, maganinsa mai ƙin ruwa, kamar masu aiki da tsantsar tsirrai: ɗigawa cikin ruwa, ba sai ka wahalar da kanka ba.

Mai son allura mai daɗewa, wanda zai yi gwajin dabbobi yana buƙatar gram: emolshan, ka jure wankin, ka tabbatar da wutar injin busarwa da sanyi.

Mai garin shaƙa, misali maganin tarin fuka zuwa huhu, ko mai tunanin kamfani nan gaba: iska mai zafi, ko da za ka je wata jami'a ka roƙi lokaci a injinsu.

Mai RNA ko lifosom: siraran bututu.

Feshin lantarki kuwa na wanda maganinsa ke da tsada ko ƙaranci, ba ya son asarar ko miligiram ɗaya, ko maganin ba ya jure zafi da girgiza, ko kuma tambayar bincikensa ita ce yadda girma da siffar ƙwaya ke canja sakin magani, don a nan babu wadda ta kai ta ba ka iko. Ɗan digiri na uku mai shekara uku, mai hanyar SEM, mai akwatin zuƙe hayaƙi, mai injiniyan da zai duba masa wayar ƙasa, ni zan ce ya shiga da ƙarfinsa. Ka fara da PCL ko PLGA zalla ba magani har sai ka iya tsayar da tsinin na awa guda bai motsa ba, ka haska shi da tocila daga gefe kana kallo, bayan nan ne za ka saka maganin ka sake daidaita bolt ɗin, don shigar magani kan canja yadda ruwan ke ɗaukar caji.